Yadda Ake Karanta Farashi a Kasuwar Hannayen Jari Kafin a Saya ko a Sayar

Duk wanda ya buɗe manhajar dillalin hannayen jari a wayarsa, ko ya duba jadawalin da Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, wato NGX, ke fitarwa a ƙarshen kowace ranar ciniki, zai tarar da lambobi da dama jere a gaban sunan kamfani ɗaya, kuma kowace daga cikinsu farashi ake ce mata. Sabon shiga yakan kama lambar da ta fi fitowa fili ya ɗauka ita ce kuɗin da zai biya, alhali sau da yawa wannan lambar labarin cinikin da wasu suka riga suka yi ne, ba alkawarin abin da shi zai samu ba. Hannun jari ba shi da farashi guda ɗaya. Kowace lamba tana amsa tambaya ce ta daban, kuma wanda bai san tambayar da lamba ke amsawa ba yana iya asarar kuɗi tun kafin kasuwa ta motsa. Misalan da za a kawo a nan na kasuwar NGX da ke Legas ne, wadda ta fara ciniki a 1961, domin ita ce mafi yawan masu karatu za su shiga ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari, amma ma'anar kalmomin ɗaya ce a Landan, da New York, da kasuwar BRVM ta Abidjan wadda Nijar ke cikin ƙasashe takwas da ke amfani da ita.

Farashin tayi da farashin sallama

Lambobi biyu ne ya kamata idonka ya fara sauka a kansu. Ta farko ita ce farashin tayi, wato mafi girman kuɗin da wani mai saye ya yarda zai biya a wannan lokacin. Ta biyu ita ce farashin sallama, wato mafi ƙarancin kuɗin da wani mai hannun jari ya yarda zai saki nasa. Manhajoji kan jera masu tayi a gefen hagu, masu sayarwa a gefen dama, kowane farashi tare da adadin hannayen jarin da ke bayansa. Wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san wannan tsari, domin mai saye yana tayawa, mai kaya yana cewa albarka, har a haɗu a wuri guda ciniki ya faɗa. Bambancin kawai shi ne a nan kwamfuta ce ke haɗa su, tana fifita wanda ya ba da farashi mafi kyau, idan kuma farashin mutum biyu ya zo ɗaya sai ta fifita wanda ya riga shiga layi.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, mai gaggawar saye yana biyan farashin sallama, mai gaggawar sayarwa kuma yana karɓar farashin tayi. Tazarar da ke tsakanin su biyun kuɗi ne da ke fita daga aljihunka ko da ba a rubuta shi a kowace takarda ba. A ɗauka tayi yana Naira 49.50, sallama kuma tana Naira 50. Idan ka saya yanzu ka juya ka sayar nan take, ka rasa kwabo 50 a kan kowane hannun jari, wato kashi 1 cikin 100. To amma ka dubi wani hannun jarin da tayinsa ke Naira 1, sallamarsa Naira 1.05. Tazarar kwabo 5 ce kacal, ga ido ba ta kai ta farko ba, alhali ta kusa kashi 5 cikin 100 na kuɗin da ka zuba. Saboda haka a kullum ka auna tazara da kaso cikin ɗari, kada ka auna ta da kwabo. Kamfanonin da ake cinikinsu kullum, irin manyan bankuna, tazararsu takan yi ƙanƙanta, waɗanda kuma ba a cika nemansu ba takan yi faɗi, wani lokaci ma ka tarar gefen tayi babu kowa sam.

Adadin da ke gefen farashi shi ma yana da nauyi daidai da farashin. Farashin sallama na Naira 50 yana aiki ne a kan adadin da mai shi ya fitar kawai, idan ya ƙare sai a hau na gaba. Za mu dawo kan wannan idan mun zo maganar ba da umarni.

Lambobin da ke ba da labarin abin da ya wuce

Farashin cinikin ƙarshe shi ne wanda aka yi mu'amala ta baya-bayan nan a kansa. Farashin rufewa shi ne wanda kasuwa ta tashi a kansa a wannan rana, kuma shi ne jaridu da gidajen rediyo ke ambata, shi ne kuma manhaja ke amfani da shi wajen nuna maka darajar abin da ka mallaka. Farashin buɗewa ana samar da shi ne daga umarnin da aka tara kafin a fara ciniki da safe. Akwai kuma mafi tsada da mafi araha na ranar, da mafi tsada da mafi araha na makonni 52 da suka gabata. Wannan na ƙarshe yana nuna maka faɗin filin da farashi ya yi yawo a shekara guda, amma ba ya nuna cewa hannun jarin da ke kusa da ƙasan filinsa ya yi araha, domin kamfanin da ke cikin matsala yana iya kafa sabon ƙasa kowane wata.

Akwai wani abu na musamman a kasuwar Najeriya da ya sa farashin rufewa ke buƙatar taka-tsantsan. Domin kada wani ya girgiza farashi da ɗan ƙaramin ciniki, kasuwar ta sanya mafi ƙarancin adadin da dole a yi cinikinsa kafin farashin da ake wallafawa ya canza, kuma a 2019 ta mayar da wannan adadin hannayen jari 100,000. Ma'anar wannan ita ce, ana iya yin ƙananan cinikayya da yawa sama ko ƙasa da lambar da ke kan allo ba tare da lambar ta motsa ba. Ga kamfani mai tsadar hannun jari, wanda haɗa adadi irin wannan ke buƙatar kuɗi masu yawa, farashin allo yana iya zama wuri ɗaya na kwanaki alhali masu ƙananan ciniki suna saye da sayarwa a wani farashi dabam. Shi ya sa ake haɗa karatun farashi da karatun yawan abin da aka yi ciniki a ranar, da adadin mu'amalolin da aka ƙulla. Tashin farashi da ya zo da ciniki mai yawa ya fi abin dogaro a kan wanda mu'amala ɗaya ko biyu suka haifar.

Farashi kuma ba ya tafiya yadda ya ga dama, yana da taki. A watan Janairun 2018 kasuwar ta raba hannayen jari gida uku: waɗanda suka kai Naira 100 zuwa sama suna motsi da kwabo 10, waɗanda ke tsakanin Naira 5 da Naira 100 suna motsi da kwabo 5, na ƙasa da Naira 5 kuma da kwabo 1. Idan ka rubuta farashin da bai dace da takin rukuninsa ba, manhaja za ta ƙi karɓar umarninka.

Sai kuma iyakar motsi ta rana, wadda ita ce ta fi ruɗar mutane. A NGX hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin 100 na farashin rufewar jiya, a BRVM kuwa iyakar kashi 7.5 ce. Wanda ya rufe a Naira 20 jiya, yau zai yi yawo ne tsakanin Naira 18 da Naira 22. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin kariya, suna ganin ba za su taɓa rasa fiye da kashi 10 ba, kuma wannan fahimta tana da haɗari. Iyakar tana rage gudun faɗuwa ne, ba ta hana ta. Idan mummunan labari ya fito game da kamfani, masu sayarwa sukan yi cincirindo a farashi mafi ƙasa da aka yarda da shi, masu saye kuma su janye gaba ɗaya, sai mutum ya zauna a layi yana kallon kayansa sun yi kwantai, gobe a sake saukowa da wani kashi 10. Kwana 5 a jere a haka zai mayar da Naira 20 ƙasa da Naira 12. Tarihin kasuwar ya nuna wannan a fili: a watan Agustan 2008, lokacin da farashi ke ta zubewa, hukumomin kasuwar sun taƙaita saukar rana zuwa kashi 1 kacal, sai masu saye suka ƙaurace domin sun san farashin allo ya fi abin da kayan suka cancanta, ciniki ya yi sanyi ƙwarai, har aka janye matakin bayan kimanin wata biyu.

Yadda za ka ba dillali umarni

Nan ne sanin waɗannan lambobi ke komawa kuɗi a hannu. Umarni iri biyu ne manya. Na farko shi ne ka ce a saya ko a sayar a duk farashin da kasuwa take, na biyu kuma shi ne ka ƙayyade farashin da ba ka yarda a wuce ba. Na farko yana tabbatar maka da ciniki matuƙar akwai wani a ɗaya gefen, amma ba ya tabbatar maka da farashi. Na biyu yana tabbatar maka da farashi, amma cinikin yana iya ƙin faɗawa.

Bari mu bi misali guda a hankali. A ɗauka cinikin ƙarshe na wani kamfani an yi shi a Naira 49.80, kai kuma kana son hannayen jari 10,000, ka lissafa Naira 498,000. A gefen masu sayarwa akwai 5,000 a Naira 50, sai 3,000 a Naira 50.60, sai 40,000 a Naira 52. Idan ka ba da umarnin saye a farashin kasuwa, kwamfuta za ta kwashe 5,000 na farko a Naira 250,000, ta hau ta ɗauki 3,000 a Naira 151,800, sannan ta cike ragowar 2,000 daga na Naira 52, wato Naira 104,000. Jimilla Naira 505,800 ke nan, matsakaicin farashinka Naira 50.58, kuma ka biya Naira 7,800 fiye da lissafinka tun kafin a cire la'ada. Da ka ƙayyade Naira 50, da ka samu 5,000 nan take, ragowar umarnin ya tsaya a matsayin tayi mafi girma yana jiran mai sayarwa ya sauko. A ganina, a kasuwa irin tamu da kamfanoni da yawa ba sa samun ciniki mai kauri kullum, umarni mai ƙayyadadden farashi shi ya kamata ya zama al'adar ƙaramin mai zuba jari, ya bar ɗayan ga lokacin da ya duba ya ga tazara ƙarama ce kuma adadin da ke gefen sallama ya ninka buƙatarsa. Ka kuma lura da wa'adin umarnin, domin wani yana mutuwa da tashin kasuwa, wani kuma yana nan har ranar da ka sanya ko har ka soke shi, kuma umarnin da aka manta da shi yana iya faɗawa bayan labarin kamfanin ya canza.

Akwai umarni na uku da ake kira na tsayar da asara, inda kake cewa idan farashi ya sauko zuwa kaza a sayar. Ba kowane dillali ke bayar da shi ba, kuma ko inda yake, farashin da ka ambata yana tayar da umarnin ne kawai, sayarwar kuwa sai an samu mai tayi.

Bayan ciniki ya faɗa, dillali zai aiko maka da takardar shaidar ciniki, kuma a cikinta ne ainihin farashinka yake. Ban da kuɗin hannayen jarin, akwai la'adar dillali, da kuɗaɗen da ke tafiya ga SEC da NGX da kamfanin CSCS mai ajiyar hannayen jari, da kuɗin hatimi, da harajin VAT a kan la'adojin. Idan muka ƙaddara cewa duk waɗannan sun kai kashi 2 cikin 100 a kowane gefe, hannun jarin da ka saya Naira 50 ya tsaya maka Naira 51, kuma sai ka sayar da shi sama da Naira 52 kafin ka mayar da uwar kuɗinka. Wannan lamba ta mayar da uwar kuɗi ita ce ya kamata ka rubuta ka ajiye, kuma ita ce ke nuna dalilin da ya sa yawan shiga da fita ke cinye ribar masu ƙaramin jari. A takardar za ka ga ranar ciniki da ranar kammala biya, wadda ake rubutawa da harafin T da lamba a gabansa. Najeriya ta daɗe a kan T+3, wato kwanakin aiki uku bayan ciniki, kafin a fara rage shi a ƙarshen 2025, Amurka kuwa ta koma T+1 a watan Mayun 2024. Farashinka yana tabbata ne ranar ciniki, kuɗin ne ke jiran ranar biya.

Araha da tsada ba a lambar farashi suke ba

A rahoton shekara na kamfanoni da yawa za ka ga an rubuta cewa kowane hannun jari na kwabo 50 ne. Wannan ita ce darajar asali da aka yi wa kamfanin rajista da ita, kuma ba ta da alaƙa da abin da kasuwa ke biya. Hannun jarin MTN Nigeria darajarsa ta asali kwabo 2 ce, amma da aka shigar da shi kasuwa a watan Mayun 2019 a Naira 90 ya fara. Kafin 2018 dokar kasuwa ba ta barin farashi ya sauka ƙasa da kwabo 50, wanda ya sa kamfanoni da dama, musamman na inshora, suka maƙale a wannan lamba shekara da shekaru babu mai saye. Da aka sauke wannan iyaka a 2018, wasunsu suka gangara, ciniki kuma ya dawo musu domin farashin ya fara faɗin gaskiya.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin sababbin masu zuba jari shi ne ɗaukar hannun jarin Naira 2 a matsayin mai araha, na Naira 200 kuma mai tsada. Domin gane girman kamfani a idon kasuwa, ana ninka farashi da adadin dukkan hannayen jarinsa. Kamfanin da ke da hannayen jari biliyan 50 a Naira 2 darajarsa Naira biliyan 100 ce, wanda kuma ke da miliyan 100 a Naira 200 darajarsa Naira biliyan 20 ce kawai. Domin gane tsada kuwa, ana duba ribar da kamfani ya ci a shekara a raba ta da adadin hannayen jari, abin da rahotanni ke taƙaitawa da EPS, sannan a raba farashi da wannan ribar, a samu ma'aunin da ake rubutawa P/E. Idan kamfanin Naira 2 yana cin kwabo 10 a kan kowane hannun jari, ma'auninsa 20 ne, wato kana biyan Naira 20 domin kowace Naira ɗaya ta riba. Idan na Naira 200 yana cin Naira 40, ma'auninsa 5 ne. Ta wannan fuska na Naira 2 ya ninka ɗayan tsada sau huɗu. Sai dai ma'aunin yana aiki ne idan aka kwatanta banki da banki, kamfanin siminti da na siminti, kuma ƙanƙantarsa wani lokaci alama ce cewa kasuwa na tsammanin ribar za ta ragu. A kuma bincika ko ribar daga ainihin sana'ar kamfanin ta fito, domin bayan karyewar darajar Naira a 2023 wasu bankuna sun nuna riba mai yawa da ta samo asali daga canjin kuɗi, wadda ba kowace shekara take maimaituwa ba.

Ma'aunin kasuwar baki ɗaya, wanda labarai ke cewa ya hau ko ya sauka, ba farashin wani abu ba ne da za ka iya saya. An fara shi da maki 100 a watan Janairun 1984, ya haura 66,000 a watan Maris na 2008 kafin ya rushe, ya kuma tsallake 100,000 a watan Janairun 2024. Manyan kamfanoni irin Dangote Cement, da MTN Nigeria, da Airtel Africa, da BUA Foods sun fi nauyi a cikinsa, don haka yana iya hawa a ranar da hannayen jarinka suka sauka.

Lokacin da farashi ke sauka ba tare da asara ba

Idan kamfani ya sanar da rabon riba, yakan ambaci ranar cancanta, wato wanda sunansa ke cikin rajista a ƙarshen wannan rana shi ne zai karɓa. Daga nan sai kasuwa ta rage farashin da daidai kuɗin rabon, domin wanda ya saya bayan haka ba shi da rabo a ciki. Hannun jarin Naira 40 da ya raba Naira 4 zai wayi gari a Naira 36. Mai shi bai yi asara ba, kuɗin ne ya tashi daga farashi ya nufi asusunsa na banki, bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100, wato Naira 3.60 za ta iso masa. Wannan ya isa ya nuna cewa sayen hannun jari ana gobe ranar cancanta domin a cafke rabo a gudu ba dabara ba ce, tunda ga ragin farashi, ga haraji, ga la'ada sau biyu. Kason rabon riba kuwa ana samun sa ne ta raba rabon da farashi, a misalinmu kashi 10 cikin 100, kuma yana hawa duk lokacin da farashi ya faɗi, saboda haka kaso mai girma ƙwarai yana buƙatar a tambayi dalilinsa.

Haka abin yake ga kyautar hannayen jari, wadda ake ce wa bonas. Idan aka ba da 1 a kan kowane 4, mai 400 a Naira 50 zai koma mai 500 a Naira 40, dukiyarsa Naira 20,000 ce kafin da bayan. Tayin haƙƙi ga masu hannun jari ya ɗan bambanta, domin a nan kamfani yana neman sabon kuɗi ne daga masu shi, yawanci a farashin da ya gaza na kasuwa. Mutane da yawa sun ci karo da shi a 2024, bayan Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jarinsu, inda bankin Zenith, alal misali, ya sayar wa masu hannun jarinsa a Naira 36, ya sayar wa sauran jama'a a Naira 36.50. Lissafinsa shi ne, idan farashin kasuwa Naira 40 ne aka ba ka 1 a kan kowane 4 a Naira 30, farashin da ya dace bayan an gama shi ne Naira 38, wato 160 a tara da 30 a raba gida 5. Wanda ya karɓi haƙƙinsa bai rasa komai ba, wanda ya sayar da haƙƙin a kasuwa ya rage asara, wanda kuma ya yi shiru har wa'adi ya wuce shi ne ya ɗauki ragin Naira 2 a kan kowane hannun jari ba tare da diyya ba.

Farashin takardun bashi da sukuk

A nan harshen ya canza, domin an fi magana da kaso cikin ɗari a kan Naira da kwabo. Takardun bashi na gajeren wa'adi da Babban Banki ke gwanjonsu a madadin gwamnati, na kwana 91 da 182 da 364, ana sayar da su ne da rangwame, a biya cikakken kuɗi ranar da wa'adi ya cika. Idan rangwamen kashi 18 ne a kan takardar Naira miliyan 1 ta kwana 364, za ka biya kimanin Naira 820,000, ka karɓi miliyan 1 a ƙarshe. Ƙarin Naira 180,000 a kan Naira 820,000 da ka fitar ya kusa kashi 22, don haka kason rangwame da ainihin abin da kuɗin ya haifar lambobi biyu ne daban, kuma idan ana kwatanta tayin bankuna biyu dole a tabbatar lamba iri ɗaya ake kwatantawa. Masu wannan harka suna kasa kashi 1 gida 100, su kira kowane gida ɗigo, saboda haka tashi daga kashi 18 zuwa 18.5 ɗigo 50 ne. Waɗannan takardu na kuɗin ruwa ne, kuma da yawa daga cikin Musulmi ba sa shiga cikinsu, amma sanin lissafinsu yana da amfani ga kowa, domin idan kasonsu ya hau manyan masu jari sukan kwashe kuɗi daga hannayen jari su koma can, farashin hannayen jari ya yi sanyi.

Takardun dogon wa'adi, waɗanda ofishin kula da basussuka na DMO ke fitarwa, ana faɗin farashinsu ne a kan kowace 100 ta darajar asali. Farashin 100 daidai yake da darajar asali, 104 ya ɗara ta, 90 kuma ya gaza ta. Abin da takarda ke biya a shekara a tsaye yake tun ranar fitar da ita, farashinta ne ke motsi, kuma yana motsi ne akasin kason da kasuwa ke nema. Takardar Naira 1,000 mai biyan kashi 12 tana ba da Naira 120 a shekara. Idan gwamnati ta fito da sababbi masu biyan kashi 16, babu wanda zai sayi tsohuwar a cikakken kuɗi, sai ta sauko, a ce zuwa 90. Wanda ya saye ta a Naira 900 yana samun kashi 13.3 a shekara daga Naira 120 ɗin, ga kuma ƙarin Naira 100 da zai samu ranar cikar wa'adi, kuma haɗa waɗannan biyun shi ke ba da kason da ake kira na riƙewa har ƙarshe. Idan aka yi ciniki tsakanin ranakun biya biyu, mai saye yana ƙara wa mai sayarwa kason kwanakin da ya riga ya riƙe takardar, shi ya sa kuɗin da ake cirewa a asusunka yakan ɗara farashin da aka faɗa maka.

Sukuk na Gwamnatin Tarayya an gina shi ne a kan haya, mai shi yana da rabo a kadarar da aka gina da kuɗin, ana biyansa kuɗin haya sau biyu a shekara. Na farko ya fito a 2017, na Naira biliyan 100 ne, mai wa'adin shekara 7 da hayar kashi 16.47, aka zuba shi a ayyukan hanyoyi 25 a shiyyoyin ƙasar shida, kuma ana shiga da Naira 10,000 a kan Naira 1,000 kowane kaso. Bambancin tushensa da takardar bashi bai cire shi daga lissafin farashi ba, domin shi ma ana cinikinsa a kasuwa bayan fitowarsa, a kan kowace 100. Wanda ya riƙe shi har wa'adi zai karɓi hayarsa da uwar kuɗinsa cif. Wanda buƙata ta kama shi a tsakiya kuwa, ya nemi dillali ya gaya masa farashin tayi na ranar da adadin da mai tayin ke so, ya haɗa da hayar kwanakin da ta taru masa, ya cire la'ada, sannan ya yanke shawarar sayar da duka ko wani sashe.